Mutumin Uyo ba Ibo ba ne: amsa ga wani ɗan kasuwa

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ina sayar da kayan gyaran mota a Kano, kuma maƙwabcin shagona mutumin Uyo ne. Rannan muna hira na kira shi Ibo, sai ya haɗe rai ya ce shi Ibibiyo ne. Ni dai a sanina daga Inugu har Fatakwal da Kalaba duk Ibo ne. Don Allah a warware mini.

Amsa: Wa alaikumus salam. Alhaji, maƙwabcinka ne da gaskiya. Idan ya yi magana da harshensa, mutumin Oweri ba zai gane ba, kamar yadda ba za ka gane Barbarci ba don kawai kai da Babarbare duk 'yan Arewa ne. Su ma a can haka suke yi mana: Bafulatani da Banufe da Babarbare duk Hausa ne a bakinsu.

Ruɗanin ya samo asali ne daga tsohuwar Jihar Gabas, wadda hedikwatarta ke Inugu. Ibo ne suka fi yawa a cikinta, su ne kuma suka fi zuwa Sabon Garin Kano da Zariya da Jos, sai sunansu ya lulluɓe kowa. A watan Mayun 1967 Janar Gowon ya raba ta uku. Tsakiyar, wadda ta Ibo ce, ita aka yi ta yankawa daga baya: Anambara da Imo a 1976, Inugu da Abiya a 1991, Ebonyi a 1996. Waɗannan biyar ɗin su ake nufi yau idan an ce Kudu maso Gabas. Sauran biyun su suka haifi Ribas da Bayelsa da Kuros Riba da Akwa Ibom, jihar maƙwabcin naka, wadda aka ƙirƙiro a 1987. Ibibiyo ne suka fi yawa a cikinta, Efik na Kalaba, Ijaw na Bayelsa da gaɓar Ribas, Ogoni kuma na gabas da Fatakwal.

Sai dai iyakar jiha daban, ta harshe daban. Idan ka tsallaka gadar Anaca, wadda aka gama a 1965, ka sauka Asaba, ka shiga Jihar Delta, amma harshen da za ka ji a tasha na Ibo ne. Mutanen wannan yanki, da ake kira Aniyoma, ba su taɓa zama cikin Jihar Gabas ba. A Ribas kuwa akwai Ikwere, masu harshe mai kusanci ƙwarai da na Ibo, amma da yawansu ba sa yarda a kira su Ibo. Shawarata kada ka tsoma baki a wannan gardama, ta fi ƙarfin hirar bakin shago.

Ni a wurina, abin da ya fi bayyana bambancin shi ne ƙasar kanta. Ƙasar Ibo tudu ce da kurmi, ta doya da rogo da kwakwar manja, ga cunkoson jama'a, ga zaizayar ƙasa mai cinye gidaje, irin kwazazzaban Nanka da Agulu a Anambara. Wurin da gona ta yi kaɗan dole yaro ya fita nema. Wannan na cikin dalilan da tsarin yaron shago ya yi ƙarfi a Anaca da Nnewi da Aba: yaro ya yi wa ubangida hidima shekaru, sannan a sallame shi da jari. Kai da ke harkar kayan mota ka fi ni sanin wannan. Ba-Ijaw kuwa ɗan ruwa ne, jirgin kwale-kwale ne jakinsa, kamun kifi ne nomansa, kuma a ƙasarsa, a Oloibiri, aka samu man fetur a 1956.

Sarauta ma haka. Yawancin garuruwan Ibo ba su da sarki irin namu a da. Dattawan dangi da masu laƙabi da ƙungiyoyin tsara ne ke yanke shawara a dandali, ban da wurare kamar Anaca da Nri. Da Turawa suka naɗa musu sarakunan takarda, aka kuma fara maganar haraji, mata suka yi bore a yankin Aba a 1929, matan Ibibiyo ma na ciki. Maƙwabtan Ibo na arewa, Igala, suna da Attah a Idah tun da daɗewa, kuma tasirinsu ya shiga ƙasar Nsuka.

Cuɗanya kuwa ta daɗe. Sarki Jaja, wanda ya kafa Opobo, haifaffen ƙasar Ibo ne da aka sayar bawa a Boni, ya zama sarki cikin Ijaw har Turawan Ingila suka kore shi a 1887.

Gobe idan kun buɗe shago, tambayi maƙwabcinka ƙaramar hukumarsa. Ko a cikin Akwa Ibom ɗin, mutumin Ikot Ekpene zai ce maka shi Anang ne, na Oron kuma ya ce shi Oro ne.