Abincin halal a Guangzhou

Malam, ka tambaya ko baƙo Musulmi zai samu abincin halal a birnin Guangzhou na ƙasar Sin. Zai samu, musamman a unguwar Xiaobei, inda Musulmin ƙabilar Hui ta ƙasar Sin suke jan taliya irin ta birnin Lanzhou da hannu a gaban idonka, su tsoma ta cikin romon naman shanu mai zafi.

Sai dai idan ka bar unguwar, kada ganye zalla ya ruɗe ka, domin sau da yawa da kitsen alade ake soya shi. Ni dai ba na zama sai na ga alamar halal a ƙofa, kuma da yake da rubutun Sinanci take, gara ka ajiye hotonta a wayarka tun kafin ka tashi.