Kai ɗalibai gidan namun daji don darasin kurmi

Malama, kin tambayi yadda yaran da suka tashi a Riyad za su fahimci rayuwar kurmi a gidan namun daji na unguwar Malaz da ke birnin. Ki fara tun a aji: ruwan saman Riyad kusan milimita 100 ne a shekara, na kurmin Amazon kan haura 2,000.

Yara kan maƙale wurin zaki, alhali ba ɗan kurmi ba ne. Shi ma gwaggon birin duwatsun Ɗa'if ba ɗan kurmi ba ne. Ki tsaya da su wurin aku, su dubi yatsunsa, biyu gaba biyu baya, na riƙe reshe. Ki tambayi ma'aikatan wurin tun kafin ranar waɗanne dabbobin kurmi suke da su.

Ku je da hunturu. Kada kowa ya miƙa wa biri abinci. In ya yaƙushi yaro, a wanke da sabulu minti 15, sai asibiti.