Me Ya Sa Rasha Ta Kasa Ceton Bashar al-Assad?

Tambaya: Malam, Rasha na da makaman nukiliya da kujerar na-ƙi a Kwamitin Sulhu, kuma ita ce ta ceci gwamnatin Assad ta Siriya a 2015. Yaya aka yi ta zuba ido Damaskas ta faɗi a 2024? Wannan na nufin girmanta a duniya ya ƙare?

Amsa: Girmanta bai ƙare ba, amma ya ragu a wuri guda mai muhimmanci. Ƙananan ƙasashe ba yawan makaman babbar ƙasa suke dubawa ba. Abin da suke aunawa shi ne rarar ƙarfi: ranar da muka yi kuka, sojoji nawa da jirage nawa za ta iya turo mana, kuma cikin kwana nawa? Nukiliya na hana a mamaye ka, amma ba ya tsare hanyar Halab zuwa Hama.

Rarar Rasha ta ƙare ne a Yukren. Yaƙin da aka fara ranar 24 ga Fabrairu, 2022, an tsara shi a matsayin gajere. Ayarin motocin yaƙi mai tsawon kilomita kusan 60 ya maƙale a arewacin Kiev, saboda ƙarancin mai da abinci da kuma kwanton ɓauna. Sojan Rasha ya saba dogaro da jirgin ƙasa wajen jigilar kaya, to da zarar ya yi nisa da layin dogo sai manyan motoci su kasa cike giɓin. A watan Satumba na shekarar Putin ya ba da umarnin kiran mutum 300,000 aikin soja. Aka kuma koma sayen jirage marasa matuƙa samfurin Shahed daga Iran da harsasan atilare daga Koriya ta Arewa, har sojojin Koriyar suka zo yankin Kursk na Rasha a ƙarshen 2024. Ƙasar da ta saba bayarwa ta koma karɓa, kuma abokanta suna kallo.

Akwai wani abin da ba a cika ambata ba. A ƙarshen Fabrairun 2022 Turkiyya ta yi amfani da yarjejeniyar Montreux ta 1936, ta rufe mashigin Bosforus ga jiragen ruwan yaƙi. Wannan ya yanke hanya mafi kusa tsakanin rundunar Rasha ta Bahar Aswad da sansaninta na Tartus a gaɓar Siriya. Duk jirgin yaƙin da zai kai ɗauki sai ya zagayo daga tekun Baltik ko daga can arewa.

To da 'yan tawaye ƙarƙashin Hayat Tahrir al-Sham suka taso ranar 27 ga Nuwamba, 2024, jiragen Rasha da suka rage a sansaninta na Hmeimim da ke Siriya sun kai hare-hare, amma ruwan bama-bamai ba ya riƙe gari sai da soja a ƙasa. A 2015 Hizbullah da mayaƙan da Iran ke marawa baya ne suka yi wannan aikin. A 2024 Isra'ila ta riga ta ragargaza Hizbullah, ta kashe shugabanta Hassan Nasrallah a watan Satumba, sojojin Assad kuwa, da albashinsu bai isa abinci ba, suka riƙa tuɓe kaki. Ranar 8 ga Disamba Assad ya tsere Mosko. Taura biyu ba ta taunuwa, Rasha ta zaɓi Yukren.

Armeniya ta riga Siriya ɗanɗana wannan. Bayan yaƙin 2020 tsakanin Armeniya da Azabaijan, Rasha ta girke dakarun kiyaye zaman lafiya kusan 2,000 a Nagorno-Karabakh, yankin da suke rikici a kansa. A gabansu Azabaijan ta toshe hanyar Lachin mai haɗa yankin da Armeniya daga Disamban 2022, ta ƙwace yankin a Satumban 2023, Armeniyawa sama da 100,000 suka yi hijira. A Fabrairun 2024 Firaminista Nikol Pashinyan ya ce ƙasarsa ta dakatar da shiga harkokin ƙawancen tsaro na CSTO da Rasha ke jagoranta. A ganina wannan ya fi faɗuwar Assad yi wa Mosko ciwo, domin a bayan gidanta ya faru.

Sauran asarar a bayyane take. Finlan ta shiga NATO a 2023, Suwidin a 2024. A cinikin makamai, ƙididdigar cibiyar SIPRI ta nuna Faransa ta sha gaban Rasha ta zama ta biyu a duniya, kuma Indiya, wadda ta sayi na'urorin kare sararin samaniya S-400 guda biyar a 2018, ta sha jiran cikon odarta.

Sai dai kada a wuce gona da iri. Rasha na riƙe da kusan kashi ɗaya cikin biyar na ƙasar Yukren, masana'antunta na makamai sun ƙara yawan abin da suke ƙerawa, Sin da Indiya na sayen man fetur ɗinta. Amurka ma ta fice daga Kabul a Agustan 2021 cikin ruɗani, amma ƙawayenta ba su watse ba, saboda dala da kasuwa da jiragen ruwanta na nan. Bambancin shi ne, abin da Rasha ta fi sayar wa abokanta shi ne alkawarin kariya, don haka rauni a fagen daga ya fi taɓa ta.

Wannan ya shafi Sahel kai tsaye. Hmeimim zango ne na jiragen dakon kaya masu zuwa Libiya da Mali da Afirka ta Tsakiya, kuma zaman Rasha a can yanzu ya rataya ne ga yardar mutanen da ta yi shekara tara tana yi wa luguden wuta. A Tinzawaten da ke arewacin Mali, a ƙarshen Yulin 2024, an kashe sojojin hayar Rasha na kamfanin Wagner masu yawa bayan an rutsa ayarinsu nesa da sansani. Nijar ta karɓi masu horar da soja daga Rasha a Afrilun 2024. Irin wannan taimako na horo da makamai da tsaron fadar gwamnati Rasha na iya ci gaba da bayarwa, don ba ya cin mutane da yawa. Babban ɗauki irin na Siriya a 2015, da jiragen yaƙi masu yawa da hanyar jigila ta teku, ba na jin za ta iya maimaita shi muddin yaƙin Yukren na ci.