Tambaya da Amsa: Zan iya mayar da kogon ƙarƙashin gidana ɗakin ajiya?

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Na sayi gida a wajen Dutsen Safe a nan Katsina cikin watan Disambar da ya wuce. Filin gidan gangare ne, saboda haka wanda ya gina shi bai cike bayansa da ƙasa ba, sai ya tada ginshiƙai ya zuba dekin a kansu, aka bar wani kogo a ƙarƙashin ɗakuna biyu na baya. Tsayin kogon bai kai mita ɗaya ba, sai da rarrafe ake shigarsa, ƙasansa kuma babu daɓe, amma yana da faɗi, a bushe yake, ga shi da sanyi. Da yake gidan ba shi da sito, ina so in sa masa ƙofa in riƙa ajiye buhunan gero da wake da gyaɗa da ake kawo mini daga gona, da tsofaffin littattafai da takardu, da katifu biyu, da janareta da jarkokin fetur. Uwargida ta ƙi amincewa, tana cewa wurin matattarar macizai ce. Mece ce shawararku? Daga wani magidanci a Katsina.

AMSA: Wa alaikumus salam, Alhaji, Allah ya sa albarka a sabon gida. Abu na farko da na lura da shi a wasiƙarka shi ne watan da ka sayi gidan. Ka shiga a Disamba, tsakiyar hunturu, lokacin da iskar Katsina take busar da wanki kafin a gama shanya, don haka bushewar da ka gani ba ta gaya maka komai ba game da halin wannan kogo. Ruwan da muke samu a shekara, wanda ba ya cika wuce milimita 600 zuwa 700, kusan duk yana sauka ne tsakanin Yuni da Satumba, mafi yawansa kuma a Yuli da Agusta. A gidan da ke kan gangare, ruwan da ya taho daga tudu yana bin ƙasa ya nemi wuri mafi kwari, wanda a gidanka shi ne daidai wannan kogon. Ko ruwa bai kwanta a ciki ba, ƙasar da ba a daɓe ba tana fitar da laima dare da rana, dekin da ke sama kuma yana tare ta, sai ta taru a kan duk abin da aka ajiye.

Saboda haka kada ka shigar da wani abu mai daraja sai kogon ya ga damina guda a gaban idonka. A cikin Agusta, washegarin ruwa mai ƙarfi, ka ɗauki tocila ka leƙa: ka duba ko akwai inda ruwa ya kwanta, ko bulon ya yi duhu daga ƙasa, ko akwai wani farin gishiri-gishiri a jikin bango, wanda shaida ce cewa ruwa yana ratsa shi. Sannan ka shimfiɗa leda mai faɗin kamu biyu a ƙasa, ka danne gefunanta da bulo, ka bar ta kwana biyu. Idan ka ɗaga ka tarar da raɓa a ƙarƙashinta, to ƙasar tana tada laima, kuma haka za ta yi wa gindin kowane buhu.

Maganar hatsi ita ce ta fi damuna, kuma shawarata a kanta ita ce kada ka yi. Ka tuna yadda iyayenmu suke gina rumbu: suna ɗora shi a kan duwatsu, su bar ƙarƙashinsa fili iska tana wucewa, hatsin yana sama, nesa da laima da gara. Abin da kake shirin yi shi ne ka zuba hatsin a wannan filin da su suka bari da gangan. Gero da dawa da wake suna ajiyuwa ne idan ruwan jikinsu bai wuce kashi 12 zuwa 13 cikin 100 ba, kuma ko sun bushe sarai a gona, buhun saƙa ba ya hana su sake shan laimar wurin da aka ajiye su. Gyaɗa ta fi haɗari, domin idan ta yi fumfuna tana iya ɗaukar dafin da masana ke kira afulatoksin, wanda yake lalata hanta, wanda kuma dafuwa ko suya ba sa kawar da shi. Ga kuma ɓera: hatsi a wuri mai duhu da ba a shiga kullum gayyata ce gare shi, kuma ta fitsari da kashin wani nau'in ɓera ne ake ɗaukar zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganowa a garin Lassa na Jihar Borno a 1969. Inda ɓera ya yi gida kuwa maciji yana biyo shi, don haka a wannan gaɓa Hajiya tana da gaskiya, kuma ya kamata ka gaya mata haka.

Akwai wani haɗarin da ya fi duk waɗannan gaggawa. Duk wanda ya ajiye wake ya san ƙwaro zai shige shi, kuma abin da mutane suka saba yi shi ne su jefa ƙwayar nan ta Phostoxin, wadda 'yan kasuwar hatsi ke kira bom. Wannan ƙwaya tana aiki ne idan ta sha laimar iska, sai ta saki guba mai kashe ƙwari, kuma gubar ba ta bambanta ƙwaro da mutum. A ƙarƙashin ɗakin da iyali suke kwana, inda akwai ramukan da bututun ruwa da na waya suka ratsa dekin, iskar za ta iya hawa ta iske yara suna barci. Kada a sa bom, ko a fesa fiya-fiya, a cikin wannan kogo ko da sau ɗaya. Waken ka zuba shi a buhun PICS, mai ninki uku, wanda Jami'ar Purdue ta Amurka ta ƙirƙiro aka fara yaɗa shi a ƙasashenmu tun 2007. Leda biyu ne masu kauri a ciki da buhun saƙa a waje, ana ɗaure kowanne daban, ƙwarin su shanye iskar da ke ciki su mutu ba tare da magani ba. Ko shi ɗin ma a ɗaki mai daɓe ake jera shi, a kan katako, ba ya taɓa bango, domin ɓera yana iya huda shi.

Janareta da fetur ma ba wurinsu ba ne. Tururin fetur ya fi iska nauyi, haka ma gas ɗin girki, don haka idan jarka ko tukunyar gas ta yi yoyo, tururin yana kwanciya ne a wuri mafi ƙasa ya taru, ƙyastu ɗaya ya ishe shi. Idan kuma wata rana ana ruwa wani yaro ya ga ya fi sauƙi ya tada janaretan a inda yake, hayaƙinsa yana ɗauke da iskar da ba ta da wari ba ta da launi, wadda ta sha kashe iyali guda cikin dare a ƙasar nan. Katifa da littattafai da takardun fili ko na makaranta kuwa, laima da gara za su gama da su, kwali ma abincin gara ne. Siminti zai daskare, takin zamani zai narke ya dunƙule.

Duk da haka ban ce wurin ba shi da amfani ba. Abin da ruwa ba ya yi wa illa, wanda kuma ba a nemansa kullum, zai zauna lafiya: kujerun roba, manyan tukwanen alminiyam na biki da suna, bokitai da robobi, ragowar tayil da bulo da bututun roba, tsani, baro, fartanya da shebur idan an shafa musu baƙin mai. Amma kafin nan akwai gyaran da ya wajaba, kuma farkonsa a waje yake. Ka tabbata indararon kwano ba ya zuba a gindin bangon, a gyara ƙasar da ke kewaye ta gangara nesa da ginin, a yi lambatu ta ɓangaren tudu wanda zai karkatar da ruwa. Daga nan birkila ya share cikin, ya kwashe duk guntun katakon da aka bari tun lokacin zuba dekin, domin su ne suke fara kiran gara, ya shimfiɗa leda mai kauri yana ɗora bakin wata a kan wata, sannan ya zuba daɓen siminti a kai. Gargaɗi ɗaya a nan: za a iya ba ka shawarar a haƙe ƙasan domin wurin ya ƙara zurfi mutum ya iya tsayuwa. Kada ka yarda a taɓa ƙasar da ke gindin ginshiƙai sai injiniyan gini ya zo ya gani, domin a kanta nauyin ɗakunan biyu yake.

Ƙofar ta zama ta ƙarfe mai kwaɗo, saboda yara, amma kada a toshe wurin ruf. A Amurka, inda irin wannan kogo ya zama ruwan dare a ƙarƙashin gidajen katako, ƙa'idar gininsu ta tanadi kafar iska da ta kai kashi ɗaya cikin 150 na faɗin ƙasan kogon. Idan naka murabba'in mita 30 ne, kafofi huɗu masu santimita 20 a 25 sun kai wannan lissafi, gara ma a ɗan ƙara musu girma tunda raga tana rage iska. A yi su a bangaye masu fuskantar juna, a rufe su da ragar ƙarfe wadda idonta bai wuce milimita 6 ba, domin ƙaramin ɓera yana kutsawa ta abin da ya fi haka. Kayan a ɗora su a kan kantar ƙarfe da mai walda zai haɗa maka, taki guda daga ƙasa, a bar tazara tsakaninsu da bango domin ka riƙa ganin hanyar gara idan ta fara hawa ginshiƙi. Idan bututun banɗaki ya bi ta ciki, a bar hanyar da mai gyaran famfo zai isa gare shi ba tare da an fitar da komai ba. Duk lokacin da za ka shiga, ka sa takalmi rufaffe, ka riƙe tocila da sanda, kada ka tura hannu inda idonka bai gani ba, saboda kunama.

Hatsin da takardun kuma, kuɗin da za ka kashe wajen ƙoƙarin busar da kogon har ya dace da su zai kusan gina maka ƙaramin sito a tsakar gida, mai daɓe da taga a sama. Idan ka fara shi yanzu cikin rani, zai bushe kafin kaka ta kawo sababbin buhuna.