Kartun na manya akwai shi, ga inda za ka neme shi

Tambaya: Salam malam, ni magidanci ne na haura shekara 35 amma har yanzu ina son fim ɗin kartun, matsalar duk wanda na samu na yara ne, dabbobi suna waƙa suna tsalle, abokaina har dariya suke min. Shin akwai wanda ake yi don manya, kuma ta ina zan riƙa sanin sababbin da ke tafe?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Toh abokan naka ba laifinsu bane, mu nan abinda aka saba gani a talabijin tun muna yara shi ne Tom and Jerry, shi yasa da an ce kartun sai hankali ya tafi kan yara. Amma zane hanya ce ta ba da labari kamar kyamara, kuma akwai labaran da wallahi in da mutane na gaske aka sa su yi, da ba za ka iya kallo ba saboda nauyinsu.

Fara da Grave of the Fireflies na Isao Takahata, fim ɗin Japan na 1988. Yaro ne da ƙanwarsa a garin Kobe a 1945, jiragen Amurka sun ƙona garin, uwarsu ta rasu, su biyu suka rage suna fama da yunwa. Babu jarumi mai duka babu mugun sarki, yunwa ce kawai da girman kan yaro wanda ya ƙi ya zauna a gidan wata 'yar'uwarsu saboda gori. Duk wanda ya taɓa riƙe maraya ko ya ga yadda ake yi wa ɗan riƙo a gida zai gane abinda fim ɗin nan ke faɗa tun kafin a kai tsakiya, ni dai sau ɗaya na kalle shi kuma har yau in na tuna yarinyar nan sai jikina ya yi sanyi.

Akwai kuma The Breadwinner na 2017, yarinya a Kabul zamanin Taliban ta aske gashinta ta sa kayan maza don ta ciyar da gidansu bayan an kama babanta. Sai Persepolis na 2007 a kan juyin juya halin Iran na 1979.

Maganar sababbi kuwa, kar ka tsaya jiran tallan manyan kamfanonin Hollywood, su yawanci iyali suke hari don uba ya sayi tikiti biyar a tare. Ka sa ido a kan bikin finafinan kartun na Annecy da ake yi a Faransa duk watan Yuni, can ne ake nuna da yawa daga cikin irin waɗannan finafinan, sai bayan wata da watanni su iso Netflix da sauransu. Kaga Flow na ƙasar Latbiya, a 2024 ya fito, ba magana ko ɗaya a ciki, mage ce da ambaliyar ruwa, kuma da manhajar Blender aka yi shi wadda kyauta ce kowa zai iya saukewa, ƙarshe shi ya ɗauki lambar yabo ta Oscar ta fim ɗin kartun a 2025 ya doke su Disney. Wannan abu ya faranta min rai sosai don ina ganin yaranmu masu zane a waya da kwamfuta.

Abu ɗaya dai, tunda kana da iyali ka riƙa duba alamar shekaru kafin ka kunna. In ka ga R ko 18 toh mai yiwuwa akwai batsa ko zubar da jini a ciki, kar yara su gani a falo su zauna don sun ga zane ne.