Tsakanin "Na Ƙi" da "Na Kasa": Kalmomin Masu Ƙin Yaƙi

Tambaya: Malam, ni mai aikin fassara ce. Na ci karo da kalmar da Turawa ke kira fasifizim, a cikin rubutu kan mutanen da imaninsu ya hana su shiga yaƙi. Na fassara ta da "son zaman lafiya", amma raina bai kwanta ba. Me ya fi dacewa?

Amsa: Malama, ranki ya yi gaskiya da bai kwanta ba. Son zaman lafiya kowa na yi. Sojan da ke bakin daga ma, in kin tambaye shi, zai ce miki don a zauna lafiya ya ɗauki bindiga, kuma ba ƙarya ya yi ba. To kalmar da za ta zuba shi a kwarya ɗaya da mutumin da ya ce ko za a kashe shi ba zai taɓa makami ba, ai ba ta bambance komai ba.

Ita kalmar Turawan ba ta daɗe sosai ba. Wani Bafaranshe, Émile Arnaud, shi ya fito da ita a 1901, ya gina ta daga kalmomin Latin biyu masu nufin "aminci" da "ƙullawa". Aƙidar kuwa ta girme ta nesa ba kusa ba. 'Yan Kweka na Ingila, waɗanda ke kiran kansu Ƙungiyar Abokai, sun shaida wa Sarki Charles na Biyu a sanarwarsu ta 1660 cewa ba su ba yaƙi da makami, ko da wane dalili. Kafin su akwai Kiristoci mabiya malamin addini Menno Simons a ƙarni na 16, bayansu kuma Cocin 'Yan'uwa da aka kafa a Jamus a 1708, wadda reshenta da ya fara a Garkida a 1923 shi ne Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya.

Abin da nake ba ki shawara shi ne ki ce "aƙidar ƙin yaƙi". In kina son fito da addinin fili, ki ce "ƙin ɗaukar makami saboda imani". Ginshiƙin duka biyun shi ne wannan ƙaramar aikatau, *ƙi*, kuma ina so ki tsaya ki dube ta da kyau. Bahaushe ya raba *ƙi* da *kasa* da *gudu*. Wanda ya kasa, ƙarfinsa ne bai kai ba. Wanda ya gudu, zuciyarsa ce ba ta kai ba. Wanda ya ƙi kuwa, yana da hali, yana nan tsaye a wurin, ya dai ce a'a. Shi ya sa uwa ke jin zafi daban in an ce mata yaro ya ƙi zuwa aike, ba kamar in an ce ya kasa ɗaukar kayan ba. Dubi kuma inda kalmar ke fitowa a harɗaɗɗun sunaye: *ƙi-gudu* kirarin jarumi ne, *ƙi-faɗi* kuma halin mai taurin kai ne da ba ya yarda an kayar da shi. Duk inda ta shiga akwai tsayuwa a ciki.

Shi mutumin fa? Daga *ƙi* muke samun *maƙiyi*, sai dai wannan ta riga ta zama sunan abokin gaba. Gajeriyar sigar ta fi daɗi a nan, irin ta *maci amana* da *maso wani*: sai mu ce *maƙi yaƙi*, jam'i *masu ƙin yaƙi*.

Tambaya: Malam, mene ne bambancin lumana, salama, sulhu da zaman lafiya? Ko duk ɗaya ne?

Amsa: Ba ɗaya ba ne, ko da yake dangin juna ne, kuma duk daga Larabci muka aro su. *Lafiya* daga *al-afiya* take. Wannan *l* ta farko ragowar *al-* ce da ta manne, kamar a *littafi*, *liman* da *lahira*. Haka masana ke ganin *lumana*, daga tushen da ya ba mu *amana*. Ita lumana hanya ce ta yin abu ba tare da tashin hankali ba, shi ya sa muke cewa "zanga-zangar lumana", "an rabu cikin lumana". *Zaman lafiya* yanayi ne da ake ciki. *Sulhu* ba ya zuwa sai an ɓata. Aiki ne na ɗinke ɓaraka, kuma "sulhu alheri ne" da muke yawan faɗa fassarar wani yanki ne na aya ta 128 a Suratun Nisa'i, wadda asalinta kan saɓanin miji da mata ta sauka. *Salama* kuwa ta fi kusa da natsuwar zuciya da kuɓuta daga cuta, kuma ita ce ta fi yawo a bakin Kiristoci masu ibada da Hausa.

Tambaya: Malam, mun yi gardama da abokina. Ni na ce wanda ya ƙi yaƙi don addini ba matsoraci ba ne, na kafa hujja da "ja da baya ga rago ba tsoro ba ne". Shi kuma ya ce karin maganar da kanta ta kira shi rago. Wa ya yi daidai?

Amsa: Ɗan'uwa, a wajen karin maganar ku duka kun zame, amma a wajen ainihin zancen ina bayanka.

Abokinka rubutun boko ne ya ruɗe shi, don ba ma nuna tsawon wasali. Akwai *rago* mai dogon *a*, dabbar nan mai ƙaho, jam'insa *raguna*. Akwai *rago* mai gajeren *a*, wato malalaci ko marar zuciya, jam'insa *ragwaye*. Na farkon ake nufi a karin maganar. Kai kuma ga inda ka zame: rago ba ya ja da baya don ya bar faɗa, yana ja ne don ya taho da ƙarfi ya yi karo. Karin maganar dabarar mayaƙi take yabo. Haka "faɗan da ya fi ƙarfinka, mai da shi wasa", ita ma shawara ce ga wanda aka fi ƙarfi. Ko "mai haƙuri yakan dafa dutse" ba ta zauna daram ba, domin haƙuri sau da yawa jiran lokaci ne. Maƙi yaƙi ba lokaci yake jira ba, ko dama ta zo hannunsa ba zai yi ba.

Bari in ba ka labarin da ya fi karin magana nuna abin. A 1569, a ƙasar Holan, an tsare wani mutum mai suna Dirk Willems saboda aƙidarsa ta addini. Ya samu ya tsere, ya bi ta kan wani tafki da sanyi ya daskarar, wani mai gadi na biye da shi. Shi ya haye lafiya, amma ƙanƙarar ta fashe da mai binsa, ya faɗa ruwa yana ihun neman ceto. Ga hanya a buɗe gaban Dirk, ba mai tare shi. Sai ya juyo, ya miƙa hannu ya jawo mutumin. Nan aka sake kama shi, aka ƙone shi da wuta a watan Mayu na wannan shekarar. Ka tambayi abokinka, a wane jam'in zai sa wannan mutum?

Ko ka ɗauki Abdul Gaffar Khan, Musulmi daga ƙabilar Fashtun, mutanen da duniya ta sani da ɗaukar fansa. A 1929 ya kafa rundunar Khudai Khidmatgar, wato "masu yi wa Allah hidima", suna da kaki da fareti amma ba makami, kowa ya yi rantsuwar ba zai rama ba. Ranar 23 ga Afrilu, 1930, sojojin mulkin mallakar Ingila suka buɗe wuta kan taron jama'a a kasuwar Kissa Khwani ta Peshawar, birnin da ke Pakistan a yau, aka kashe mutane da yawa, ba su da makami kuma ba su watse nan take ba. Wannan shi ne *ƙi-gudu* a wurin da ba mu saba jin sa ba.

Da yake na san za ka ambaci Muhammad Ali, ga gyara kaɗan. Ranar 28 ga Afrilu, 1967, a birnin Houston na Amurka, an kira sunansa don ya tako gaba a shigar da shi soja lokacin yaƙin Biyetnam, aka maimaita, bai motsa ba. An ƙwace kambunsa, aka yanke masa shekara 5 da tarar dala 10,000, ya yi sama da shekara 3 bai hau dandalin dambe ba, sai a 1971 Kotun Ƙoli ta soke hukuncin. Amma shi bai ce ya haramta wa kansa kowane yaƙi ba. Hausa na iya raba su da ƙaramin harafi: *ƙin yaƙi* daban, *ƙin yaƙin* daban.

Tambaya: Malam, ina jin ana cewa "rama cuta ga macuci ibada ne". Hadisi ne? In haka ne, ina Musulmi zai samu hujjar ƙin yaƙi?

Amsa: Ba hadisi ba ne, karin magana ce, kuma ina roƙon a daina jingina ta ga Manzon Allah (SAW). Kalmar *ibada* da ke cikinta ce ke sa ta yi kama da nassi. 'Yar'uwarta ita ce "ramuwar gayya ta fi ta gayya zafi", kuma in ka saurara da kyau, wannan ta biyun ta tona asirin ramuwa da bakinta: mai ramawa ba ya tsayawa a daidai abin da aka yi masa. Alƙur'ani kuwa, a aya ta 40 ta Suratush Shura, ya yi wa ramuwa iyaka da kwatankwacin cutar, sannan ya ce wanda ya yafe ya gyara, ladansa na ga Allah.

Ba zan ɓoye maka ba, mafi yawan malaman Musulunci sun halatta yaƙin kare kai da sharuɗɗansa, suna kafa hujja da aya ta 39 a Suratul Hajji, kamar yadda mafi yawan coci-coci suka yarda da yaƙin adalci tun daga koyarwar Augustine, wani babban malamin Kirista na zamanin da. Masu ƙin yaƙi gaba ɗaya tsiraru ne a addinan biyu, kuma tambayar da ake yi musu mai nauyi ce: in an faɗa wa marar ƙarfi a gabanka, tsayawa za ka yi? Ba na raina wannan tambaya, don wanda aka ƙone wa gida ba a yi masa wa'azi daga nesa. Abin da ba na yarda da shi kawai shi ne a ce ba su da tushe, ko a ce baƙon abu suka ɗauko.

A Afirka ta Yamma, malaman Jakhanke sun yi ƙarnoni suna bin koyarwar Alhaji Salim Suwari, wadda ta zaɓi karantarwa da kyakkyawan misali a kan takobi wajen yaɗa addini. Shehu Ahmadu Bamba na Senegal, da Faransawa suka kai shi Gabon a 1895 suka tsare shi har 1902, bai umarci almajiransa su ɗauki makami ba. Alhasan ɗan Ali, da dubban mayaƙa a bayansa, ya sauka daga halifanci a shekara ta 41 bayan hijira don a daina zubar da jinin Musulmi. A zamaninmu kuma Jaudat Sa'id na Siriya, wanda ya rasu a 2022, ya gina ra'ayinsa tun 1966 a kan ɗan Annabi Adamu da aka kashe.

Ayar da ya dogara da ita ita ce ta 28 a Suratul Ma'ida, inda Habila ke ce wa ɗan'uwansa: in ka miƙa hannunka gare ni don ka kashe ni, ni ba mai miƙa hannuna ba ne gare ka don in kashe ka, lalle ni ina tsoron Allah Ubangijin talikai. Ka lura da kalmar *tsoro* a nan, da kuma wanda aka jingina ta gare shi, ba Ƙabila ba ne. Masu tafsiri sun kawo daga Abdullahi ɗan Amr cewa a cikin su biyun, wanda aka kashe ɗin shi ya fi ƙarfi.