Ku Tambayi Anti: Mayu da Mujiyoyi a Littattafan Matasa na Wales

Tambaya: Assalamu alaikum Anti, ya gida ya aiki? Ɗiyata ce shekararta 15, kwanan nan ta liƙe ma wasu littattafan Turanci na ƙagaggun labarai har abinci sai an yi da gaske take ci. Na duba bangon ɗaya naga yarinya da mujiya a kafaɗa ga wata tukunya na tafarfasa, da na tambaye ta sai cewa tayi wai labarin wata mayya ce a Wales. Gaskiya hankalina bai kwanta ba. In ƙwace ne ko in ƙyale ta? Daga wata uwa.

Amsa: Wa'alaikumus salam Hajiya, gida lafiya lau, Allah ya raya mana ita. Kalmar mayya ce ta tayar miki da hankali, kuma da gaskiyarki, don mu da an ce mayya mai kama kurwa ce ke faɗo mana a rai. To amma wadda ke cikin irin littattafan nan yawanci ba ita ba ce. Sau da yawa yarinya ce sa'ar ɗiyarki da ta gaji sanin ganyayyaki da saiwoyi wajen kakarta, ko kuma ta wayi gari tana da wata baiwa da ita kanta tsoronta take ji, mutanen ƙauye kuma suka sa ta gaba da tsegumi. Ta fi kama da mai magani.

Tarihin Wales ɗin, wato wani yanki na Birtaniya, ma haka ya nuna. Zamanin da Turai ta haukace da farautar mayu, a Ingila ɗaruruwan mutane aka rataye, amma a Wales mutum 5 kacal aka san an kashe kan wannan zargin. Ta farkonsu Gwen ferch Ellis, mai maganin mutane da dabbobi ce, aka tsinci wata laya da aka rubuta a juye a gidan wani babban mutum aka ce aikinta ne, aka rataye ta a garin Denbigh a 1594. Masu tarihi na cewa ɗaya daga dalilan ƙarancin shi ne mutanen Wales in masifa ta same su, madara ta lalace ko saniya ta mutu, sun fi ɗora laifin kan Tylwyth Teg, wato mutanen ɓoyensu, maimakon tsohuwar maƙwabciya.

Hukuncin karanta labarin sihiri wannan na malamai ne, ba ni da kujerar fatawa. Ni dai shawarata kar ki ƙwace, ƙwacewa ita ke sa a koma karatu a waya cikin bargo. Ki karɓa ki karanta babi biyu uku da kanki, ko ki sa ta ba ki labarin baki da baki ki ji yadda ta ɗauke shi. In ma akwai abin sa ido to ba tukunyar ba ce, soyayyar ciki ce, don wasu sabbin littattafan an rubuta na matasa ne a bango amma abin da ke ciki ya girmi 'yar shekara 15 nesa ba kusa ba.

Tambaya: Anti barka da ƙoƙari. Ni ɗaliba ce, na lura duk littafin da na ɗauka na irin wannan sai naga sunaye iri ɗaya, Rhiannon, Gwydion, da wata mace da aka yi da furanni. Satar fasaha suke ma juna ne ko kuwa?

Amsa: Yawwa ƙanwata, kin sosa min inda ke min ƙaiƙayi. Ba sata ba ce, rijiya ɗaya duk suke ɗiba, sunanta Mabinogion. Tarin labarai ne 11 da harshen Wales, an same su a wasu tsofaffin littattafai biyu na rubutun hannu, Farin Littafin Rhydderch na wajen 1350 wanda yanzu yake babban ɗakin karatu na ƙasar a Aberystwyth, da Jan Littafin Hergest da ya biyo bayansa kaɗan, shi kuma yana Oxford. Wata mata Charlotte Guest ce ta fassara su zuwa Turanci, ta fara fitarwa a 1838, daga nan ne duniya ta san da su.

Matar furannin sunanta Blodeuwedd, kuma labarinta ko yanzu in na tuna sai ya tsaya min a rai. Wani saurayi ne Lleu, uwarsa Arianrhod ta yi masa baki cewa ba zai taɓa auren 'yar Adam ba. Sai matsafa biyu, Math da Gwydion, suka tara furanni iri uku suka ƙera masa mata. Ba wanda ya tambaye ta ko tana so fa, buɗe idonta ke da wuya ta ganta matar wani. Ana nan miji ya yi tafiya sai ga wani mafarauci Gronw ya biyo ta wajen, suka kamu da son juna, suka ƙulla kashe Lleu. Shi kuwa ba ya mutuwa da sauƙi, sai da ta lallaɓe shi ya faɗa mata sirrin da bakinsa: sai yana tsaye a bakin kogi ƙarƙashin rumfa, ƙafa ɗaya a bakin bahon wanka ɗaya a gadon bayan bunsuru, a soke shi da mashin da aka shekara ana ƙerawa ranakun Lahadi kaɗai lokacin da mutane ke coci. Kuma wai ta ce ya gwada mata tsayuwar ta gani, ya hau ya tsaya, kai maza! Gronw ya sakar masa mashi, ya rikiɗa ya zama gaggafa ya tashi sama. Daga baya Gwydion ya nemo shi ya maido shi mutum, ita kuma ya mai da ta mujiya, ya ce ba za ta ƙara nuna fuskarta da rana ba kuma duk tsuntsaye za su tsane ta.

Rhiannon ita kuma sharri aka yi mata. Daren da ta haihu mata 6 da ke tsaron jaririn barci ya kwashe su, jariri ya ɓace, don su tsira sai suka yanka kwikwiyo suka shafa mata jinin a fuska da hannu tana barci, gari na wayewa suka ce ita ta cinye ɗanta. Aka yanke mata shekara 7 tana zama a ƙofar fada tana ba duk baƙon da ya zo labarin laifin da bata yi ba, sannan ta ce ya hau bayanta ta kai shi ciki. Ɗan dai ya dawo daga baya.

Kin ga abin da marubutan yanzu suka gani kenan. Tsohon labarin bai damu da abin da ke zuciyar matan nan ba, ya faɗi abin da aka yi musu ya wuce abinsa, su kuma sai su ɗauki wannan gurbin su ba yarinyar baki ta yi magana. Wace budurwa ce bata san zafin a yanke mata hukunci ba a ji ta bakinta ba? Wani marubucin Ingila, Alan Garner, ya yi hakan tun 1967 a littafinsa The Owl Service, inda matasa uku suka tsinci wasu farantai masu zanen da in ka kalla ta nan furanni ne, ta can kuma mujiya, sai tsohon labarin ya fara maimaita kansa a kansu. Amma fa ba duka ke iyawa ba, wasu sunayen kawai suke yayyafawa kamar gishiri a kan labarin soyayyar da kin karanta irinsa sau ɗari.

Tambaya: Anti tukunyar fa? Ko ina sai na ganta. Kuma dan Allah ya ake kiran sunayen nan, harshena har karyewa yake. Ɗanki mai bibiyar shafin nan.

Amsa: Tukwane biyu ne ɗana. Ɗaya tana labarin Branwen na cikin Mabinogion, in aka jefa gawar soja ciki washegari ya tashi ya koma yaƙi amma ba ya magana. Ɗayar ta wata matsafiya Ceridwen ce, wadda ta shekara da kwana ɗaya tana dafa maganin hikima don ɗanta mummuna, sai ɗigo uku suka fallatso a yatsan yaron da ke juya tukunyar, Gwion, ya kai baki don zafi, shikenan hikimar ta zama tasa. Ta bi shi a guje, ya zama zomo ta zama karya, ya zama kifi ta zama karen ruwa, ya zama tsuntsu ta zama shaho, ya zama ƙwayar hatsi ta zama baƙar kaza ta haɗiye shi, bayan wata tara ta haife shi, shi ne Taliesin, shahararren mawaƙin Wales na da.

Sunaye kuwa, harshen Wales ɗin na nan da ransa, ƙidayar 2021 ta nuna mutum sama da dubu 538 ke magana da shi a Wales, kuma rubutunsa ba ya yaudara irin na Turanci. C kullum k ce, sai ka ce Keridwen. W tsakanin baƙaƙe u ce, don haka Annwn, lahirarsu, Annun ake cewa. Dd kamar zalun ɗin Larabci take, harshe tsakanin haƙora. Mai wahalar ita ce ll ta sunan Lleu, ka ɗora harshe kamar za ka ce la, ka ƙi faɗa, ka huro iska ta gefen baki. Ni sai da na tabbatar ba kowa a ɗakin kafin na fara gwadawa.